Ɗakin da Na Gyara wa 'Yar Tsiga

Shekarar da labari ya iso mana Gozaki cewa 'yar Tsiga ta samu ciki, ban ƙara iya zama wuri ɗaya ba har damina ta faɗi. Ana cikin ɗibar auduga wata mai tallan daddawa ta kawo maganar. A bakin rijiya ta faɗa mini, kamar mai ba da labarin akuyar wasu. Na ce Allah Ya raba lafiya, na ɗora tulu a ka, sai da na iso gida na ga rabin ruwan a zanena ya ƙare.

'Yar Tsiga 'yata ce ta fari. Haka nake kiranta, don ban taɓa faɗin sunanta ba, kuma ba yanzu zan fara ba da furfura cike da kai. Ranar da aka yaye ta, yayar mijina ta zo ta goya ta, ta tafi da ita Tsiga. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita gidan wasu masaƙa a can garin. Ni kuwa na yi abin da ake so uwa ta yi wa ɗan fari, na kau da kai. In yarinyar ta zo gaisuwa ta durƙusa, sai in amsa ina kallon tukunya. Duk unguwarmu da ni ake misali wajen kunya, ana cewa ko Bafillatana sai haka. Ni ma, ban ɓoye ba, yabon yana yi mini daɗi.

Bayanta maza na yi ta haifa. Wannan shi ya sa labarin cikin ya hana ni sakat. A wurinmu, mace in ta yi cikin fari, da ya shiga wata bakwai ake mayar da ita gida goyon ciki. A ɗakin uwarta za ta haihu, a nan za ta yi wankan jego na kwana arba'in. Matan 'ya'yana maza, in lokacinsu ya zo, gidajen iyayensu za su tafi. Ke nan in 'yar Tsiga ba ta zo ba, har in mutu ba zan taɓa dafa wa kowa ruwan jego a gidana ba. Ga shi gida biyu gare ta, inda aka haife ta da inda aka raine ta, kuma ba wanda ya ce ga inda za a kai ta.

Ina so ta zo. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, amma yanzu na faɗa. Ina so in tashi da asuba in hura wuta ƙarƙashin tukunya, in tsoma ganyen runhu cikin tafasasshen ruwa in fyaɗa mata a baya da hannuna, safe da yamma. Wanka ba ya bukatar kiran suna, ba ya bukatar haɗa ido. Shi kaɗai ne abin da al'ada ta bar wa uwa ta yi wa 'yar fari ba tare da an yi da ita ba. Amma in buɗe baki in ce a kawo mini ita? Ai da tsakar gida ta tsage na shige.

Sai na koma kan ɗaki. Na ce a raina, in na gyara ɗakina ya zama na maijego, labari zai kai Tsiga da ƙafarsa, Yaya za ta gane ba sai na yi magana ba. Na tsaya bakin ƙofa na dubi ɗakin da na yi shekara da shekaru a ciki kamar ranar na fara ganinsa. Jinka ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ta gabas tana yoyo. Daɓen ya faffashe, ramuka ko'ina, in ka ajiye tukunya sai ka tokare ta da dutse. Gara ta yi hanya a bango daga ƙasa har sama. Gadona na kara ne, in na juya maƙwabta su ji. Na ji kunyar ɗakin kamar baƙo ya same ni ba ɗankwali.

Malam na fara samu, wato mijina. Yana zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na ce, "Malam, ɗakin nan nawa yana son gyara. Me ka gani, a sake jinka kawai ko a taɓa har bango?"

Bai ɗago ba ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Yo ai shawara na zo nema."

"Duk yadda kika yi daidai ne."

Haka yake tun muna da ƙuruciya. In ka ce masa gari ya kama da wuta, sai ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ci gaba da tufka. Ya san abin da ke raina sarai, amma shi ma 'yar farinsa ce, kuma bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba ko da wasa. Abin da ya iya yi shi ne ya kira mini magini.

Maginin tsoho ne gajere mai faɗa, ya yi aiki a birnin Zariya da ƙuruciya, kuma ba ya bari ka manta da haka. Ya zagaya ɗakin sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ce, "Wannan ai ba ɗaki ba ne, akurki ne. A rushe shi. In yi miki soro, a jera azara, a shafe sama da katsi daga marina. A Zariya ko baiwa ba ta kwana cikin irin wannan."

Na kwana da soro a zuciyata, har na ga Yaya ta shigo tana ɗaga kai tana salati. Da safe na tafi wurin ƙawata da muke katanga ɗaya, wadda muka zo garin aure shekara guda. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Soro? A ƙasar nan da ruwa ke kwana uku yana zuba? Ke dai kina son ki wayi gari da laka a fuska. Tafarfara za ki yi, mai kusurwa huɗu da jinka, ki samu wurin jere." Na koma gida da tafarfara. Kafin la'asar na haɗu da ungozomar unguwarmu, tsohuwar da ta yanke cibiyar duk 'ya'yana. Ita kuma ta ce ɗaki mai kusurwa sanyi yake tarawa a kusurwoyin, ba abin da ya kai zagayayyen ɗaki riƙe ɗumi.

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, sai da hannu da yawa. Gaskiya ne, amma masu ɗaukar ɗaki wuri ɗaya suke nufa. Ni nawa kowa gefensa yake ja. Kuma ban iya jin magana in bar ta a inda na ji ta ba. Duk wanda ya yi magana daga ƙarshe, tasa ce gaskiya a wurina, har sai na gamu da wani.

Na shiga yawon gidaje. Ni da ba a san ni da aro ba, a watan nan na ari rariya a gida ya fi bakwai, ga tawa rataye lafiya lau. In na shiga sai in ƙi tsayawa a tsakar gida, in bi matar har ɗaki, tana neman rariya ina shafa daɓenta da tafin ƙafa, ina leƙen jerenta. Wata ta jera tukwane bisa tukwane har kusa da jinka. Wata ta kafe ƙorai da faya-fayai a bango. Wata ta ja zane da yatsu tun yaɓe yana ɗanye. Kowace sai na tambaye ta wa ya yi mata, da me aka haɗa, in da za ta sake me za ta canza. In na dawo gida in kasa kaɗi. Sai in ɗauki mazari in ajiye, in tashi in auna bango da kamu, in koma, in sake tashi. Tuwona ya ƙone a watan nan fiye da yadda ya ƙone tun da aka kawo ni gidan.

Daga ƙarshe rani ne ya yanke mana, don lokaci ya tafi, ba a isa a buga tubalin sabon gini ya bushe ba. Aka tsaya kan a bar zagayayyen ɗakin, a kankare bango a sake yaɓe, a yi sabuwar jinka. Na ɗauka na huta. Ashe yanzu aka fara.

Magini ya ce a huda taga ƙarama ta yamma don hayaƙi ya samu hanya. Aka huda. Ungozoma ta zo wucewa ta gani, ta riƙe haɓa ta ce taga ƙofar sanyi ce, sanyi kuwa shi ke kumbura mace. Na sa aka toshe. Ƙawata ta shigo ta ce ɗakin ya yi duhu kamar rumbu, ko ƙwarƙwata ba ka gani. Na aika aka kira magini ya sake hudawa. Ya zo ya tsaya da hannu a ƙugu.

"Ke, ɗaki ɗaya kike gyara ko gari? Na yi wa manya gini a Zariya, ba wanda ya sa ni na huda rami ɗaya sau biyu."

Na ce, "Baba, yi haƙuri, wannan ne na ƙarshe."

"Haka kika ce shekaranjiya."

Ya huda ta rabin ta da, yadda za a iya cusa tsumma a toshe. Wannan dabarar tasa ce, kuma ita ce kaɗai abin da kowa ya yarda da shi a duk aikin.

Sai gado. Na ce a yi mini gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, irin wanda ake zuba garwashi ya gasa bayan mai kwanciya. Aka gina shi a gefen hagu, ya yi kwana huɗu yana shan iska. Matar liman ta leƙo ta ce ai duk wanda ya kwanta a kansa ƙafafunsa alƙibla za su miƙe. Ban ma jira magini ba, na ɗauki taɓarya na farfasa shi da kaina, ina yi ina jin haushin kaina da haushin matar liman. Kwana biyu tsohon ya ƙi zuwa, sai da Malam ya je har gida ya ba shi baki.

Duk wanda na tambaya shawara, shi ma sai ya tambaye ni abu ɗaya: wa za a saka a ɗakin? Ni kuma amsata ɗaya ce, ba kowa, yoyo yake yi. Ranar da aka gama gado na biyu ungozoma ta zo ta zauna a bakinsa, ta tura hannu cikin ramin garwashin, ta dube ni ta gefen ido.

"Wannan ma don yoyon ne?"

Na ce, "Inna, bayana ke ciwo in sanyi ya shigo."

"To, Allah Ya ba bayan naki lafiya." Sannan ta rage murya. "'Yar nan, ni na karɓi yarinyar nan a hannuna, na ga yadda kika dube ta kafin mata su shigo. Ki aika Tsiga. Ba sai da bakinki ba. Ki ba ni goro biyu, ni in je in faɗa."

Na ce, "Wace yarinya?" Na tashi na hau sharar da na riga na yi. Na bi shawarar ƙawata, na bi ta matar liman, har ta wani makaho mai bara da ya ce a binne ƙaho a bakin ƙofa saboda gara. Wannan ta ungozoma ce kawai na tsallake. A ganina ɗakin bai gama ba tukuna, kuma in ya gama shi zai yi magana.

Aka yanta shuci, ciyawar jinka, aka ɗaure tsaiko a ƙasa aka baibaye shi. Ranar ɗaukar ɗaki maza suka taru suka ɗaga jinkar da kabbara suka ɗora bisa bango, ta zauna daram. Saura daɓe. Birji, tsakuwar daɓe, yana nan an tara, ina da tsohuwar makuba a buhun kaba tun bara, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Da na yi a makon nan da an wuce wurin. Sai ƙawata ta ce makubar bara ta sha iska, ba za ta yi jan nan mai kyau ba, in jira ɗorawa ta nuna. Na jira. Kullum sai na fita bayan ganuwa na ɗaga kai ina duban ɗorawa kamar mai jiran wata, ina lissafin watannin cikin da yatsu a cikin zane. Har gari ya ɗauki zafin bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sannan aka sauke ɗorawa. A lissafina watan bakwai ya kama.

Na yi gayyar daɓe ranar kasuwar garinmu. Mata suka cika gidan, kowace da madaɓinta. Aka baza birji, aka yayyafa ruwa, suka durƙusa a jere suna bugu suna waƙa, ana yi mini ba'a a cikin waƙar, wai tsohuwa ta gyara ɗaki za ta sake amarci. Ina tsakar gida ina dama fura a babbar ƙwarya sai na ji sallama. Muryar Yaya ce.

A shekarun nan ba a bin hanyar Tsiga sai cikin ayari saboda mahara, shi ya sa ta biyo 'yan kasuwa. Ta sauko daga jaki da kyar, ta tsufa fiye da yadda na san ta. A bayan jakin akwai ƙunshi babba cikin sabuwar tabarma, da bakin wata ƙwarya yana leƙowa. Na tare ta, na kai ta inuwa, na kawo ruwa. Ko gama sha ba ta yi ba ta ce a nuna mata ɗakin da ake ta labari har Tsiga. Daɗi ya kama ni. Ashe labarin ya kai.

Mata suka buɗa mata hanya. Ta tsaya daga bakin ƙofa don kada ta taka ɗanyen daɓe. Ta dubi jinka, ta dubi 'yar tagar, ta daɗe tana duban gadon da raminsa. Sannan ta juyo, a gaban kowa, ta ce da ni, "Amarya," don haka take kirana tun ranar da aka kawo ni, "ɗakin nan na maijego ne. Ɗiyarki kike so a kawo miki?"

Madaɓai suka tsaya cak. Na ji idon kowace mace a kaina. Ga matar liman, ga ƙawata, ga matan da suke cewa 'ya'yansu su yi koyi da ni. Ga shi kuma ta ce ɗiyarki, kalmar da ba a taɓa jefa mini a bainar jama'a ba. Ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba shekara da shekaru. Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Wa? Ni ina da wata ɗiya ne? Yaya, ɗiyarki dai. Ni ina ruwana da inda za ta haihu. Yoyo ɗakin yake yi."

Mata suka yi shewa, wata ta rangaɗa guɗa. Na ji ana cewa, "Kun ji kunya inda take!" Aka koma bugu, waƙa ta tashi. Ungozoma kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ta ɗauki madaɓinta ta fita, ko fura ba ta tsaya sha ba.

Yaya ta dube ni, ta daɗe. Ta ce, "To. Dama ni ma na share nawa."

Ƙunshin nan ba a kwance shi ba. A zaure ya kwana. Da safe na ga Malam yana ɗaura shi a bayan jaki, tabarmar ta ɗan zame, na hango kanwa da tsummokin jariri da wani zane da na san na yarinyar ne. Kayanta ne aka fara kawowa. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina kallo.

Na raka Yaya har ƙofar gari. Mu biyu ne a bayan ayari, ba mai jinmu. Tun daga gida nake shirya maganar, kalma huɗu ce ko biyar. Muka wuce marina ban faɗa ba. Muka wuce rimin bakin kasuwa ban faɗa ba. Ita ma tana ta jan jakin a hankali, tana gyara zama ba dalili. Da muka isa ƙofa na kama igiyar jakin na ce, "Yaya."

Ta ce, "Na'am."

Na ce, "Bangon nan, farar ƙasa za a shafa ko ja?"

Ta ɗauke kai ta dubi hanya. Ta ce, "Wadda kika ga dama. Ke za ki kwana ciki."

Na daɗe ina jin haushin Yaya. Na ce da gangan ta tambaye ni cikin taro don ta san abin da zan ce. Sai da na ƙara shekaru na gane ita ma a ɗaure take. Mace ce da ba ta haifa ba, ta raini 'yar wani tun daga yaye. In ta kwaso yarinyar ta kawo ba a roƙa ba, Tsiga za a ce ta gaji, ta yar da riƙo ranar wahala. Tana bukatar a ji a bakina, gaban shaidu, cewa ni na nema. Ta hau jaki da tsufanta, ta biyo hanyar mahara da kayan yarinyar, ta zo ta ba ni abin da ta fi so a duniya, kalma ɗaya kawai take jira. Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa da hannuna na miƙa masa wuƙar.

Farar ƙasa na shafa daga sama, ja daga ƙasa, don ko a nan ban iya zaɓar ɗaya ba. Daɓen ya bushe ya yi jawur yana ɗaukar ido, in ka zuba ruwa sai ya gangara. Na jera tukwane da ƙorai. Mata suka riƙa zuwa kallo, yanzu ni ake tambaya wa ya yi mini, da me aka haɗa. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shigo ba. Ban ji daɗin komai ba. In na shiga ɗakin sai in fito, in na fito sai in koma. Kowace ranar kasuwa ina bakin zaure ina duban masu shigowa daga yamma, ko Yaya ta sake tunani. Sau biyu na ɗaura goro a gefen zane na nufi gidan ungozoma, sau biyu ina dawowa daga bakin ƙofarta. Na ce ai yanzu an makara, in na aika za a ce na yi amai na lashe.

Gero ya kai gwiwa aka aiko cewa ta sauka lafiya, namiji.

Muka tafi ana gobe suna, da Malam da ƙawata da 'yan rakiya masu kwari da baka. Muka isa da la'asar. Ɗakin Yaya ƙarami ne, jinkarsa ta fi tawa ta da baƙi, an tara kasko a gefe ɗaya saboda yoyo. Daɓen duk ramuka. Gadon ƙasar ya tsage, hayaƙi yana fita ta tsagar. A kansa yarinyar take kwance, ta juya fuska bango. Jaririn yana can ƙarshen gado cikin tsumma, ta ba shi baya, ko kallonsa ba ta yi saboda mutane. Mata a bakin ƙofa suna yaba ta, suna cewa ta gado kunyata.

Ta gaishe ni ba ta juyo ba, na amsa ina duban kaskon. Amma jika ba a jin kunyarsa. Kaka tana da ikon ta ɗauke shi ta yi masa tsiya yadda ta so. Na ɗauke shi, ɗumi gare shi kamar sabon tuwo. Na ce, "Kai ango, haka ake yi? Na yi maka sabuwar jinka, na yi maka daɓe da makubar bana, na rushe gado na sake gini saboda kai, ka ƙi zuwa ka zo ka kwanta cikin yoyo?"

Mata suka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, bango take faɗa wa.

"Ba a aiko ba." Sannan ta ƙara, "Kowace ranar kasuwa sai na ɗaure kayana."

Ban san ko wani ya ji ba. Ni na ji. Ga bayanta kusa da gwiwata, in na miƙa hannu zan taɓa. Na buɗe baki, ga mata a ƙofa, sai na ce wa jaririn hancinsa irin na kakansa ne, ba kyau. Na kwantar da shi na fita.

Washegari da sassafe na sami Yaya a bayan ɗaki, tukunya tana tafasa, tana fama da itace ɗanye. Ta ɗebo ruwan a ƙwarya da kyar. Yarinyar tana zaune kan turmi ta ba mu baya. Ba kowa a wurin sai mu uku. Na ce, "Yaya, kawo in riƙe miki."

Ta dube ni, ta miƙo mini ƙwaryar, ta haɗa da ganyen runhun. Ta ce bari ta je ta duba wuta, ko da yake wutar tana gabanmu.

Na tsoma ganyen na fyaɗa mata a baya. Ta ɗan zabura don zafi, sannan ta saki kafaɗunta. Na ci gaba da fyaɗawa har ruwan ya ƙare. Bayan suna muka kama hanyar Gozaki. Safiya ɗaya ke nan cikin arba'in, kuma ita kaɗai na samu.